Doña A'a ta Gindin Dutsen Pillanco

Inda hanyar mota ta ƙare a saman ƙauyen Pichi-Malal, akwai wata rumfar katako mai benci biyu da murhun ƙarfe. Ta Erminda Paillán ce. Duk mai niyyar hawa Dutsen Pillanco sai ya ratsa ta ƙofarta, don babu wata hanyar, kuma shekara talatin da 'yan kai ke nan da wuya mutum ya ratsa bai sha tambaya ba. Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma. Soyayyen burodi take sayarwa, da shayin mate, da romon akuya mai yaji.

Mahaifinta, Don Segundo, makiyayin awaki ne. Da Nuwamba ya kama, farkon lokacin zafi a wannan kudancin duniya, sai ya kora garkensa zuwa makiyayar sama, ba ya saukowa sai Afrilu, kafin ƙanƙarar farko ta rufe hanya. Erminda ce babbar 'yarsa, ita ke bin sa tun tana shekara bakwai. Mutum ne mara yawan magana. Koyarwarsa duka tambaya ɗaya ce, kullum da safe, yana riƙe da ƙoƙon mate yana kallon dutsen.

"Me kika gani?"

In ta ce ba komai, sai ya ce ta sake dubawa. A haka ta gane cewa in gajimare ya zauna a ƙololuwa kamar hula, kafin gobe farar iska za ta taso, irin wadda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ta gane cewa in an kwana biyu ana zuba dusar ƙanƙara, sannan iskar gabas mai ɗumi ta biyo baya, wadda suke kira puelche, to gangare ya zama tarko. Ta san wani sauti da ƙanƙara ke yi a ƙarƙashin ƙafa, kamar an danne buhun gari ya yi ajiyar zuciya. Wanda ya ji shi, ya koma ta inda ya fito, a hankali. Makaranta kuwa a aji biyar ta tsaya, kuma ba ta taɓa ɗaukar abin da ta sani a matsayin ilimi ba.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Baldomero Riquelme, direban motar da ke share ƙanƙara a hanya, dogo, mai surutu, wanda ba ya iya gaishe ka bai tsokane ka ba. Shi ya kafa mata rumfar da ragowar katakon gada, lokacin da 'yan birni suka fara zuwa hawan dutse.

Shekara biyar bayan nan, a tsakiyar hunturu, cikin watan Yuli, aka kwana uku ana zuba ƙanƙara. A rana ta huɗu gari ya waye tas, sama shuɗiya, puelche na kaɗawa a hankali. Ɗalibai uku daga Santiago suka sauko daga mota suna dariya: Renato, Gaspar, da wata siririyar budurwa mai suna Ximena Oyarzún. Suka sha mate a tsaye suna ɗaura ƙarafa masu haƙora a takalmansu.

"Doña, ajiye mana burodi shida," in ji Gaspar. "Ƙarfe uku mun sauko, kuma yunwar da za mu zo da ita, sai kin ƙara kwaɓi."

Erminda ta ɗaga kai ta dubi gangaren yamma. Ta ji ɗumin iskar a kumatunta. Har ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan igiyoyinsu sababbi, da taswirarsu, da agogon da ke hannun Renato mai nuna tsawon dutse. Ta ce a ranta, waɗannan 'yan jami'a ne, ni mai suyar burodi me zan faɗa musu? Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta koma kan kaskonta.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ta ji ƙarar. Ba ta yi ƙarfi sosai ba, kamar babbar mota ta juye tsakuwa a nesa. Da ta fito, rabin gangaren yamma ya zame, farin ƙura na tashi sama.

Baldomero da mazan ƙauye suka hau da shebur ɗin gona da sandunan gora. Renato suka fara gani, yana tona da hannuwansa yana ihu. Ximena suka samu bayan awa biyu, a maƙale a gindin wani dutse da ya bar mata kafar numfashi, safar hannunta ta dama ta ɓace. A asibiti aka yanke mata yatsu uku. Gaspar kuwa sai a Oktoba, da ƙanƙara ta narke, wani makiyayi ya gan shi.

Erminda ta rufe rumfa wata biyu. Baldomero ya yi ta lallashi.

"Tsohuwa, ke kika ture ƙanƙarar? Ki ci abinci mana."

"Ban ture ba."

"To me ye na azabtar da kai?"

Wata Lahadi ta je gaishe da mahaifinta, wanda a lokacin ƙafa ta hana shi kiwo. Yana zaune yana ɓare 'ya'yan itacen pewen a bakin murhu. Bai yi mata ta'aziyya ba, bai kuma lallashe ta ba.

"Ranar nan, kin gani?"

"Na gani, Baba."

"Kin faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Ya jefa ɓawo a wuta. "To ganin naki wa ya amfana?"

Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar. Washegari ta buɗe rumfa, ta sayi littafi mai layi-layi, ta ɗaure masa biro da zare. Daga ranar duk wanda zai hau sai ya rubuta sunansa, da hanyar da zai bi, da ƙarfe nawa zai sauko. In kuma dutsen bai yi mata ba, sai ta faɗa, ko wane ne kai.

Ba a karɓi abin da daɗi ba. Wani ya ce mata ya hau duwatsun da suka ninka wannan sau biyu. Wani ya ce so take su zauna su sayi romo. Direbobin da ke kawo baƙi ne suka laƙaba mata Doña A'a, wato Uwargida A'a, sunan ya bi ta har coci. Kuma ba kullum take yin daidai ba. Sau da yawa ta mayar da mutane, yini ya wuce lafiya lau, rana na ƙyalli a kan dutse har yamma. Sai su dawo su tsaya mata a ka.

"Doña, ina guguwar taki? Mun ƙona mai tun daga Temuco a banza!"

"Yini ɗaya kuka rasa," takan ce, tana juya burodi. "Ku zauna ku zage ni da kyau, ina jin daɗin zagin mai rai. Da cuku ko babu?"

Wasu su yi dariya su zauna. Wasu su wuce abinsu, ba ta da ikon tsare kowa. Irin waɗannan sai ta rubuta kalar rigunansu a gefen suna, ta ɗauki tsohon tabaran hangen nesa da Baldomero ya saya mata a kasuwar gwanjo, ta yi ta bin su da ido har su ɓace a bayan tudu.

Shekara goma sha ɗaya bayan zaftarewar, wata mata ta shigo rumfar ita kaɗai, ta ce a ba ta mate. Da ta miƙo hannun dama, babban yatsa da manuni kawai ke jiki. Ƙoƙon ya kusa suɓuce wa Erminda.

"Kin gane ni, Doña?"

"Na gane ki, 'yar nan." Ta goge hannu a zanin girki, ta zauna a benci. "Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ranar nan na san gangaren ba lafiya. Na sani sarai. Na yi shiru."

Ximena ta dubi ƙoƙon. "Da kin faɗa ma, ba na jin za mu saurara. Gaspar zai ce a ƙara masa burodi biyu ne kawai. Mun ɗauka mun san komai." Ta kurɓa. "Amma ni ɗin nan, wataƙila da na ji tsoro. Wataƙila. Ban sani ba, kuma na daina tambayar kaina. Na ji labarinki a wurin masu hawa, wai akwai wata tsohuwa mai masifa a gindin Pillanco. Shi ya sa na zo."

"Tsohuwa? Shekarata talatin da takwas!"

"Haka dai suka ce."

Ashe Ximena ba ta bar dutse ba. Ta zama jagorar masu hawa, tana kuma koyar da aikin ceto. A bayan motarta akwai shebur masu naɗewa, da dogayen tsinkayen ƙarfe na laluben mutum a cikin ƙanƙara, da wasu ƙananan na'urori guda shida da ake ratayawa a ƙirji. In ƙanƙara ta binne mai ɗauke da ɗaya, sauran za su yi ta ƙara har su kai ka inda yake. Ta ce wa mutanen ƙauyen wanda aka tono cikin minti goma sha biyar yawanci yana rayuwa, bayan nan kuma sai sa'a.

Ta kama ɗaki a ƙauyen hunturun nan duka. Kowace Lahadi bayan coci, mutum takwas ko tara su taru a bayan rumfa, a binne jakar Baldomero da na'ura a ciki, a duba agogo. Ranar farko sai da suka yi minti arba'in.

"Na mutu, an yi jana'izata, har tsohuwa ta sake aure," in ji Baldomero.

"Wa zai sake wannan kuskuren?" Erminda ta ce. "Ɗauki shebur, malalaci."

Wata rana Ximena ta haƙa rami a gangare, ta gyara bangonsa sumul, ta kira Erminda. A sama ƙanƙarar ta daskare kamar faranti. A ƙasanta akwai wani siririn layi, da ta sa yatsa sai ya zube kamar sukari. Ta ce a kan wannan layin farantin ke zamewa. Erminda ta durƙusa ta daɗe tana murza shi a tafin hannu.

"Ashe abin da Baba ke ji da ƙafa ke nan. Bai taɓa ganinsa da ido ba."

Ita ma Ximena ta zama ɗaliba. Hasashen yanayi da take samu a waya na yankin ne gaba ɗaya, bai san cewa a Pillanco puelche na shigowa ta wani kwazazzabo ya fara laushe gangaren yamma tun kafin a ji shi a ƙauye ba. Da safe sai ta zo da takardarta, Erminda ta fito da ƙoƙonta, su tsaya su yi ta gardama. In bakinsu ya zo ɗaya, a faɗa wa masu hawa. In ya saɓa, a bi ta wadda ta fi jin tsoro.

Ximena ta ci gaba da zuwa kowane hunturu. Shekara tara da fara wannan aiki, cikin Agusta, wani likitan haƙori daga Temuco, Don Osvaldo Brevis, ya iso da ƙaninsa. An zuba ƙanƙara jiya, iska ta fara juyawa. Erminda ta ce a'a.

"Doña, da girmamawa, hutun kwana ɗaya gare ni a wata. Ba ƙololuwa za mu ba, tudun farko kawai."

"Tudun farkon ne ma ba na so."

"Ga mutane can a sama, ai ina ganinsu."

"Mijina ne da malamarmu Ximena, suna kafa sandunan alama a kan kunya, wato doron tudun, inda duwatsu suka fito. Kai kuma ta tsakiyar kwari za ka bi, na ga idonka."

Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yanke shawara, ya saɓa jaka. Erminda ta zagayo daga bayan kasko, ta ciro na'ura biyu daga ƙusa, ta yi ɗage ta rataya masa ɗaya a wuya, ta cusa ta cikin rigarsa kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Ta ba ƙanin ɗayar.

"Tunda ba ka jin magana, bari dai mu san inda za mu tono ka. Kuma kada ku jeru. Ɗaya ya ƙetare, ɗaya ya tsaya yana kallo."

Wannan kam sun bi. Shi ya sa da gangaren ya tsage, Osvaldo kaɗai ya ɗauka.

Erminda na tsaye da tabaran a idonta lokacin. Ta ga layi ya keta farin gangaren daga sama, ta ga jar rigar ta juya sau ɗaya, sau biyu, ta nutse. Ƙafafunta suka so su ruga. Ta hana su. Ta kafe idonta a kan inda rigar ta ɓace, ta lalubo oba-oba a aljihu da hannun hagu ba tare da ta kalle ta ba.

"Ximena! Baldo! Mutum ɗaya ya tafi. Ku sauko ta kunya, kada ku yanke ta sama, akwai sauran da bai zubo ba. Baƙin dutsen nan mai tsaga, kun gan shi? Ƙasa da shi, hagu kaɗan."

"Muna zuwa," in ji Ximena, tana haki.

"Hagu, Baldo! Hagunka, ba na jaki ba!"

Ta ga ɗigo biyu suna gangarowa, ta ga ƙanin ya iske su. Ta ga Ximena ta sunkuya tana bin ƙarar na'ura, ta tsaya, ta soka tsinke, ta sake sokawa. Sai shebur suka fara tashi. Man da ke kasko ya ƙone, hayaƙi ya cika rumfa, Erminda ba ta juya ba. Tana ƙirga mintoci a bakinta, tana haɗawa da addu'a. A na goma sha uku oba-oba ta yi ƙara.

"Tsohuwa," in ji Baldomero, "yana numfashi. Har yana ba da haƙuri."

Nan ta zauna a ƙasa, cikin ƙanƙara, ta rufe fuska da zanin girki.

Don Osvaldo ya tsira da karayar ƙashin kafaɗa. Bayan wata biyu ya dawo, hannu a rataye, ya tsaya a ƙofa kamar mai jiran hukunci.

"Doña Erminda, ban san me zan ce ba. Ki zo Temuco in gyara miki haƙora, duka, kyauta."

"Me haƙorana suka yi maka? Ɗauki wancan," ta nuna mijinta da cokali, "bakinsa kamar tsohon shinge."

Baldomero ya samu haƙora huɗu sababbi, ya yi wata guda yana yi wa kowa murmushi har da awaki. Osvaldo kuma ya shiga ƙungiyar ceton, yana tuƙo mota tun daga Temuco ranar Lahadi don a koya masa tono. Shi ya kawo na'urori goma, kuma shi ke ba baƙi labarin kansa in sun fara yi wa Erminda gardama.

Erminda na da shekara hamsin da biyar Ximena ta yi mata wata tambaya suna wanke kwanuka.

"Wai ke, kin taɓa hawa can sama?"

"In yi me? Iyakata makiyayar sama."

"Shekara nawa kina hana mutane wurin da ba ki taɓa gani ba?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta yi wata huɗu tana hawa tudun farko da jaka cike da dankali don ƙafa ta saba. A ƙarshen Satumba suka tashi da sassafe su biyu, ɗaure da igiya ɗaya. Erminda ta ari takalmi da wando, amma ta ƙi rabuwa da mayafinta na ulu. Tafiya ta yi kyau. Wajen azahar, saura kamar awa ɗaya su kai, ana ganin ƙololuwar kamar a miƙa hannu, sai ta tsaya. Wani ɗan gajimare ya fara taruwa a gefen gabas.

"Mu koma."

Ximena ta duba waya. "An ce lafiya har yamma, Doña. Ga shi nan fa, mun zo."

"Na gani. Mu koma."

Ximena ta dube ta, ta dubi ƙololuwar, ta juya. Suka sauko. Gajimaren kuwa ya watse, yini ya ƙare ba ko iska. Baldomero ya tare su a bakin hanya ya riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku ji! Doña A'a ta hana kanta!"

Erminda ta ji haushi kwana biyu, ba don dariyar ba, sai don yanzu ta ɗanɗana abin da masu hawa ke ji in ta mayar da su. Tun daga nan ta rage faɗa. Takan zaunar da mutum, ta zuba masa mate, ta ce, "Na san da ciwo, ni ma an yi mini," sannan ta ce a'a.

A Disamba suka sake gwadawa, suka kai da ƙarfe sha biyu da 'yan mintoci. Erminda ta tsaya tana haki. Tafkuna uku a yamma, duwatsun Ajantina jere a gabas har inda ido ya gaza, wani warin kibiritu na fitowa daga ramin aman wuta da ke ƙololuwar dutsen. Hawaye na daskarewa a gefen hancinta.

"To, yanzu na gane abin da ke damun ku," ta ce. "Ashe ba hauka ba ne duka." Ta ci rabin burodi, ta ba Ximena rabi, ta miƙe. "Tashi, 'yar nan. A saukowa ake faɗuwa."

Yau shekararta hamsin da tara. Gwiwa ta fara yi mata ƙorafi, Baldomero ya yi ritaya ya zama mai kwaɓa mata fulawa, ba da son ransa ba. Ƙungiyar ceton Pichi-Malal ta kai mutum goma sha bakwai, shida mata ne, kuma ƙauyuka biyu na maƙwabta sun aiko a koya musu. Har yanzu akan samu mai taurin kai, kuma hunturun da ya wuce sun sauko da wani da sanyi ya ci masa yatsun ƙafa. Amma yawancin masu zuwa yanzu, kafin su sauke jaka daga mota, sai su leƙo rumfa su ce, "Doña, yau fa?"

Ta ce tana so ta sake hawa sau ɗaya kafin gwiwar ta ƙi, kuma wannan karon da mijinta. Baldomero ya ce shi dutse ya ishe shi daga ƙasa, kuma haƙoransa sababbi ba sa son sanyi. Ta riga ta aro masa takalmi lamba arba'in da huɗu, suna nan a ƙarƙashin benci.